Allunan Baffanku Isiyaku

Akwai labarin da kuka tashi kuna ji a gidanmu na Habbena, har wasunku sun ba nasu 'ya'yan: wai a wata damina rufin ɗakin baya ya yi yoyo, ruwa ya cinye zanen da baffanku Isiyaku ya yi shekara biyu yana yi, saura kwana uku a nuna shi ga jama'a. Ni na fara ba da labarin nan, kuma ƙarya ne. Rufin ya yi yoyo kam, amma kafin ɗigon farko ya sauka aikin ya riga ya lalace. Da hannuna na lalata shi, da bokiti da soso. Yanzu idona ya yi rauni, Isiyaku yana kabari, mahaifiyarku Zulai da ta san gaskiya ta riƙe ita ma ta tafi. In ban rubuta ba, ƙaryar za ta zama tarihin gida. Ba uzuri nake nema a wajenku ba. Ina so dai ku san yadda aka yi tun daga tushe.

Kakana ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka. Ya iso bakin kogin Shari lokacin ana kiran garin nan Fort-Lamy, guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi shekara guda ya tara abin hanya. A nan aka binne shi, a nan aka binne ɗansa, wato Babanmu. Sana'ar da ta zaunar da shi ita ce zayyana, wato adon da ake yi wa allo ranar saukar Alƙur'ani. Ku ba ku tarar da ita da ranta ba, don haka bari in ɗan yi bayani. Ana goge allon aduwa har ya yi santsi, a shafe shi da farar ƙasa da ƙaro, a bar shi ya sha iska. Sannan a ja layuka da alƙalamin gamba, a fitar da gidaje da ƙofofi da da'ira a cikin da'ira, a cika su da launi. Baƙi daga gawayi yake, ja daga jar ƙasa, shuɗi daga bular wanki, duka da ƙaro ake dama su. Baba ba shi da wani ƙarfen awo, da bakin finjalin shayi yake fitar da da'ira. Launin nan ba ya jure ruwa, kuma ba a so ya jure. Allo abin wankewa ne, in biki ya wuce wani ɗalibin yana jira.

Mu biyu Baba ya zaunar a gabansa, ni da Isiyaku, na girme shi da shekara takwas. Ni ne mai hannu. Ba yabon kai ba ne, Baba da bakinsa yake faɗa a gaban baƙi, cewa layin Habu kamar da zare aka ja shi, na Isiyaku kuwa kamar sawun akuya a taɓo. Ba ya iya cika gida ba tare da launi ya tsallake layi ba, ga ƙarambanin ƙara abin da ba a sa shi ba. Ya sha ranƙwashi. Da Baba ya gaji sai ya bar shi ya ci gaba da lakwal, wato makarantar boko, ni kuma aka cire ni bayan shekara huɗu don in gaji sana'a. Na gaje ta kuwa, daidai lokacin da ta kama hanyar mutuwa. 'Yan kasuwa suka fara shigo da zayyana bugaggiya daga Najeriya, a takarda mai sheƙi, dami-dami. Uba ya saya, a manna a allo, an gama. Bayan rasuwar Baba na koma rumfa a kasuwar Dembé ina sayar da alluna da tawada da tsofaffin littattafai, har da bugaggiyar zayyanar da ta kashe mini sana'a, don in ban sayar ba na gefena zai sayar. Hannun da Baba ya yi alfahari da shi ya koma naɗe wa mutane kaya a tsohuwar jarida.

A shekarun nan ne Isiyaku ya faɗa cikin masu zane na gari. A da, in an ce mai zane a Njamena, ana nufin mai rubuta sunan shago, ko mai zana raƙuma da faɗuwar rana da mace ɗauke da tulu, ya kai ƙofar otel ya jira Nasara. Sai wasu matasa suka taso suka ce sun gaji da raƙuma. Wasu sun yi karatu a waje sun dawo, wasu a nan suka koya wa kansu. Suka kama wani fili mai rumfar kwano a bayan kasuwar Dembé, inda da makanikai ke aiki, suna kiransa atiliye. Akwai mutanen kudu, akwai Larabawa, akwai Kanembu, Musulmi da Kirista, butar shayi ɗaya, su yini suna gardama da Larabci da Faransanci. Maganarsu ita ce fentin Turai ya yi tsada kuma ba namu ba ne, wanda zai zana Chadi ya zana ta da ƙasarta. Wani da kanwa da yashi yake aiki, wani da tsatsar tsofaffin ƙarafa, wata mace da launukan da matan ƙauye ke shafa wa bangon ɗaki. Babbansu, ko da yake ba su yarda suna da babba ba, wani dogon mutumin kudu ne mai suna Madji, mai dariyar da ake jiyowa daga titi. Shi ya tambayi Isiyaku abin da gidansu ke yi da hannu, da ya ji labarin zayyana sai ya ce masa ya ajiye burushi ya koma gida ya duba da kyau.

A ɗakin bayanmu akwai tsofaffin allunan ɗaliban Baba, sun yi baƙi don shan tawada, gizo-gizo ya ɗinke su. Isiyaku ya roƙi Inna, mahaifiyarmu, ta ce ya ɗauka. Ya zo wajena ya ce in sake nuna masa yadda ake dama ƙaro don kada launi ya tsage in ya bushe. Na nuna masa ina dariya, don a zatona kwana goma zai yi ya watsar. Bai watsar ba. Da safe ya fita rubutun shaguna, bayan azahar ya shige ɗakin ya turo ƙofa, haka har shekara biyu. Inna takan buga masa ƙofa da muciya ta ce ya faɗa mata, wannan zanen nasa mata yake kawowa ko tuwo, shi kuma ya amsa daga ciki cewa ta yi haƙuri, raƙumi ne kaɗai ya daina kawowa. Zulai takan leƙa in ta kai masa abinci, ta dawo ta ce mini, Malam, ka je ka ga abin da ƙaninka ke yi. Ban je ba. Na ce na san hannun Isiyaku tun yana zubar da yawu.

Wata rana ya matsa mini sai na raka shi atiliye, ya sa allo biyu a buhun shinkafa. Na sa babbar riga, na tarar da mutane zaune a kan tsofaffin tayoyi da fenti a gwiwar wando. Ya ciro allunan ya miƙa wa Madji, suka fara yawo daga hannu zuwa hannu, gardamar da ake yi ta mutu. A can ne na fara ganin aikin ƙanena, a hannun baƙi. Daga saman allon zayyana ce sosai, ƙofa da gidajenta, irin ta Baba. Tana sauka sai layukan suka fara kwancewa, launi ya ɓalle ya bazu kamar kogi in ya ci gaɓa, daga cikinsa kuma wasu ƙananan mutane marasa fuska suka fito da ƙunshi a ka, sun nufi gabas, suka tsaya cik a bakin shuɗi. Ba wanda ya gaya mini, na san kakanmu ne. Na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Madji ya juyo ya dube ni, ya tambaye ni ko ni ma mai zane ne, yana kirana ɗan'uwa da Larabci.

“Wannan ne yayan? Kai ma artis ne, ya akhuy?”

Kafin in buɗe baki Isiyaku ya amsa.

“Shi ne malamina. Abin da kuke gani bai kai rabin hannunsa ba. In Yaya ya ja layi sai ka rantse inji ne.”

“Inji kam ai akwai shi a gari,” in ji wani mai aikin tsatsa daga kan tayarsa.

Aka yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, irin bakinsu ne, junansu ma haka suke yi wa. Madji ya tsawata masa, ya ce in riƙa zuwa ina koya musu haɗa launi, suna bukata. Na ce ina da rumfa. Na fito da murmushi na yi sallama da kowa, amma maganar injin nan ta bi ni har gida, ta zauna da ni a kan tabarma. Yabon da Isiyaku ya yi mini ma sai na juya shi a raina ya zama ba'a.

A gefen rumfata akwai wani Alhaji Sabo, mai sayar da turare da carbi, bai daɗe da zuwa daga Najeriya ba. Irin su suna ganin mu da aka haifa a nan Hausarmu ta sha ruwan Shari, addininmu ma haka, kuma ni na daɗe ina son ya ɗauke ni da daraja. Ni na kai masa maganar, ba shi ya nemo ta ba. Na ce masa ƙanena yana zana mutane a allunan da suka ɗauki Alƙur'ani shekara da shekaru, za a rataye su Nasara su zo kallo da kofi a hannu. Ban gaya masa babu aya ko ɗaya a jikinsu ba, ban gaya masa mutanen ba su da fuska ba. Ya yi salati, ya gaya wa na kusa, kafin Juma'a biyu magana ta zagayo ta same ni a ƙofar masallaci da sunan “mutane suna cewa”. Na karɓe ta kamar ban san inda ta fito ba. Har na je wajen tsohon limaminmu, abokin Baba, ina fatan ya ba ni sandar da zan yi duka da ita. Ya saurare ni, ya tambaya ko akwai rubutu, na ce babu. Ya ce allon da aka wanke itace ne, in bar yaro ya nemi abincinsa, in kuma ina da wata damuwa in duba ta a inda take. Wannan amsar na ɓoye ta, ban gaya wa kowa ita ba a lokacin.

Da damina ta shigo aka ba mutanen atiliye wani zaure a tsakiyar gari su yi nunin farko na haɗin gwiwa, suna ce masa ekspo. Kowa bango guda, Isiyaku kuma suka ba shi wanda ke kallon ƙofa, abin da mai shigowa zai fara gani. Ya zo da labarin muna cin tuwo a tsakar gida, bakinsa ya ƙi rufuwa. Na ajiye loma.

“Allon Baba ba zai rataya a inda ake shan giya ba.”

“Lemo za a sha, Yaya. Kuma ka zo da kanka, zan sa sunan Baba da naka a ƙasa.”

“Kada ka sa sunana.”

Inna ta ce mu bar ta ta ci tuwonta, katako ne ubanmu ya bari gara na ci, yanzu da ya samu mai so shi ne za a tayar mata da hawan jini. Isiyaku ya ci gaba da cin tuwonsa. Ya ɗauka na huce, don ya saba da faɗana mai wucewa.

Saura kwana uku, ya fita da hantsi zuwa zauren don su buga ƙusoshi. Inna ta tafi suna a maƙwabta. Hadari yana haɗuwa a gabas tun safe, kowa ya san za a yi ruwa kafin la'asar. Na rufe rumfa na dawo gida kafin azahar, na tura ƙofar ɗakin baya. Allo ashirin da bakwai, ya shimfiɗa su a kan gadon kara, kowanne da tsumma a ƙarƙashinsa. Kada wani ya ce muku cikin fushi na yi, ko hankalina ya gushe. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya na kai bakin ƙofa inda haske yake, na dubi kowanne har na ƙoshi. Sannan na ɗebo ruwa a randa. Aikin shekara biyu bai ɗauke ni lokacin dafa shinkafa ba. Ƙaro yana jin ruwa yake sakewa, soso sau uku, itace ya fito. Ruwan bokitin ya yi ja, ya yi shuɗi, ya koma kalar toka. Ban iya zubar da shi a kwata ba, don ruwan wankin allo ba a kwata ake zubarwa ba, na kai shi gindin darbejiyar tsakar gida kamar yadda muka saba. Ina tsiyayewa na ɗaga kai na ga Zulai a ƙofar madafa da ludayi a hannu. Ta juya ta koma ciki. Ta rufa mini asiri har ta mutu, saboda ku, amma daga ranar in na makara na yi salla a gida ba ta ƙara tsayawa a bayana ba. Takan jira in sallame ta yi tata.

Dabarata ita ce in watsar da allunan a ƙasa, in ɗaga kwanon rufi da sanda, ruwa ya zuba a kansu a ce shi ne. Kwanon na ɗaga shi. Amma da na zo watsar da allunan sai hannuna ya ƙi. Tun ina ɗan shekara biyar ake dukana in na ajiye allo a ƙasa ko na kifa shi. Ban ma san na yi ba, sai na jingine su a bango, kai sama, manya a dama ƙanana a hagu, da ɗan tazara don iska ta ratsa, yadda Baba ke so. Na koma rumfa na zauna ina jiran hadari.

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita na dawo, na tarar da Isiyaku ya riga ni, jiƙe sharkaf, takalminsa a hannu, yana tsaye a tsakiyar ɗakin da ruwa ya kai idon sawu. Na fara abin da na shirya, ina salati, ina nuna rufi, ina cewa tun bara na ce a gyara kwanon nan. Bai dubi rufin ba. Ya bi jerin allunan da ido daga dama zuwa hagu, ya ɗauki ɗaya ya juya bayansa, ya shafa gefensa da yatsa. Fes, babu ko zirin launi, abin da ruwan sama ba ya yi. Ya mayar da shi wurinsa a hankali.

“Ruwan bana ya yi makarantar allo, Yaya. Ya wanke, ya jingine, kai sama.”

Murya ƙasa-ƙasa ya faɗa, ni kaɗai na ji. A daidai nan Inna ta shigo da zane a ka, ta ga abin da ya faru ta dafe ƙirji ta zauna a bakin gadon karan, tana cewa ƙaddara ce, Allah ne ya yi ruwansa, kada ɗanta ya sa abin a rai. Numfashinta yana fita da ƙyar. Isiyaku ya dube ta, ya dube ni, ya durƙusa ya riƙe hannunta.

“Haka ne, Inna. Ruwa ne.”

Daga nan ƙaryata ta samu shaida, kuma wanda na zalunta ne ya tsaya mata.

Washegari Madji ya zo gidan, ya ga allunan, ya daɗe bai yi dariyar nan tasa ba. Na ji shi daga ɗakina yana lallashin Isiyaku da Larabci cewa ya rataye su haka wankakku, shi ma magana ce, mutanen ekspo za su gane. Isiyaku ya ƙi. Na san dalili: in an rataye wankakken allo za a tambaya wa ya wanke, tambayar kuma za ta biyo shi har gaban Inna. Aka ba wani bangon. An ce zauren ya cika, an yi ta maganarsa a rediyo, daga baya aka fara gayyatar wasu daga cikinsu ƙasashen waje, har mai aikin tsatsan nan. Madji ya yi ta aiko wa Isiyaku ya sake, akwai wani nunin a gaba, akwai alluna a kasuwa. Ya ce to, ya ce sai an kwana biyu, ya rage zuwa atiliye, ya daina. Ni kuwa Alhaji Sabo ya riƙe hannuna a gaban mutane ya ce Allah ya kare alfarmar allo da ruwansa, na ce ikon Allah ke nan, aka fara ba ni wuri a sahun gaba. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Masu faɗar haka ba su ga abin da na gani ba. Bayan shekara biyu na wuce ta ƙofar wani otel a cikin mota, na hango ƙanena zaune a gindin katanga da hotunan raƙuma jere a gabansa, yana kora musu ƙuda.

Bayan rasuwar Inna ya sayi fili a unguwar Gassi, can bayan gari, lokacin ba kowa can sai masu bulo, ya kwashe iyalinsa. Kun san sauran, ko kuna zaton kun sani. Bai taɓa fasa zuwa sunanku ko aurenku ba. Yaya yake ce mini, ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi rumfa. Bai ƙara shiga ɗakin baya ba, bai ƙara cin abinci kwano ɗaya da ni ba, kullum ya ce ya ƙoshi. Da ya zage ni sau ɗaya a gaban jama'a da na samu sauƙi, amma bai ba ni wannan ba. Allunan na sayar da su a Dembé ɗaya bayan ɗaya, yara suka koyi baƙi a kansu. Atiliye ta watse, filin ya zama shagunan waya, Madji ya tafi bai dawo ba. Yau ina jin jikokina na cewa akwai matasa a gari masu zane a kan allo da ƙwarya da fata, ana ɗaukarsu hoto ana cewa sabon abu ne. Ba ɗayansu da ya san sunan Isiyaku, kuma ba laifinsu ba ne.

Da ciwon suga ya kwantar da shi, na shiga motar Gassi wata ranar Asabar. Tafiyar tana da tsawo, mota ta tsaya nan ta tsaya can, duk hanya ina jera maganar da zan faɗa. Na same shi a rumfar tsakar gida bayan azahar, ƙafarsa a naɗe, ya rame har na ga fuskar Baba a tasa. Da matarsa ta ba mu wuri na matsa kusa na ce masa ni na wanke allunan, ba ruwa ba, kuma ba don addini na yi ba, liman ma ya hana ni. Na ce ya yafe mini. Na zaci zai yi kuka ko ya juya mini baya. Sai ya ce wannan ai tsohon labari ne, ya sani tun ranar, ya kuma yafe tun Inna na da rai, don ba ya son ya je gaban Allah da kayan wani a kansa. Ya ɗan yi wasa da bakin bargo. Sannan ya ɗago.

“Abu ɗaya dai na daɗe ina son in tambaye ka. Ka dube su kafin ka sa musu ruwa?”

“Na duba. Ɗaya bayan ɗaya.”

“To yaya ka gan su?”

Ya zuba mini ido kamar lokacin da yake ɗan shekara goma yana miƙo mini allo in duba masa kafin Baba ya gani. A nan na gane cewa duk Madji da zauren da bangon da ke kallon ƙofa, ni yake jira in ce wani abu, kuma ya yi shekara talatin yana jira. Amsar tana bakina. Na yi tafiya tun daga Habbena, na faɗi abin da ya fi wannan nauyi. Amma wancan abin da ya tokare mini ƙirji a atiliye ashe yana nan bai mutu ba, tsufa kawai ya yi tare da ni. Na ji bakina yana cewa:

“Ka yi ƙoƙari.”

Ya ɗan yi dariya, ya gyaɗa kai, ya kira matarsa ta kawo wa Yaya shayi. Muka yi hirar tsadar siminti da ruwan da ke kwanciya a unguwarsu. Na ce zan dawo Asabar mai zuwa, a raina na ce ranar zan gyara maganar. Ranar Laraba aka aiko ya rasu.

To ga amsar, tunda shi na hana shi. Ban taɓa ganin aikin hannu kamar allunan nan ba, kafin su ko bayansu. Sun fi na Baba, sun fi nawa nesa ba kusa ba. Ni layi na iya ja, shi kuwa ya san abin da ake yi da layi, kuma na gane haka tun allon farko, shi ya sa na ɗebo ruwa. Ku je Gassi ku karanta wa 'ya'yansa wannan rubutun da bakinku, kada ku aika a waya. Ku ce musu ubansu babban mai zane ne, in sun tambaya wa ya ce, ku ce wanda ya ga duka ashirin da bakwai ɗin a cikin haske ne ya faɗa, kuma ban da shi babu sauran mai shaida.